Ɓatan Barƙi a Thumama

Ranar Alhamis bayan la'asar aka tarar da ɗakin Barƙi a buɗe, babu shi babu dalilinsa. Barƙi kare ne, amma ba irin waɗanda ke bin juji a gida ba. Saluki ne, siririn karen tseren Larabawa mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, ko shekara bai cika ba. Mai shi, Abdul-Majeed, ɗan ƙasa ne mai babban gida a unguwar Thumama ta Doha, ma'aikatansa suna kiransa Mudir. Cikin hunturun nan yake shirin kai karen gwajinsa na farko a filin tsere. Abin wuyan da ake gane inda karen yake ta waya kuwa, ga shi nan a rataye jikin ƙusa. Wanda ya cire shi a tsanake ya cire.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Garzali ne ke horar da karen, shi ke ba shi abinci, ɗakinsa ma jingine yake da na karen. Mudir ya tsaya a tsakar gida ya dube shi, bai ɗaga murya ba.

"Gobe da magariba," ya ce. "Ko kare, ko 'yan sanda. Khalas."

Duk wanda ya yi zaman Doha ya san abin da hakan ke nufi ga baƙo mai aiki a ƙarƙashin kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa. Za a kulle shi, a gama, a sa shi a jirgi da sunan ɓarawo. Garzali kuma an riga an sa masa rana da wata yarinya a Haɗeja, Kausar, ƙanwar Malam Ɗalhatu direban gidan. Ba wanda ke ba ɓarawo 'yarsa.

Kafin gari ya waye labarin ya zagaye Hausawan unguwar Bin Omran. Mutanenmu ba su iya jiran hujja ba. Wasu suka ce Garzali ya sayar. Wasu suka ce dama ƙarshen mai hulɗa da kare ke nan. A cikin masu maganar babu wanda ya taɓa ganin karen da idonsa.

*

Da safiyar Juma'a Hambali ya shiga kicin ɗin gidan hayarsu na Bin Omran don ya dafa shayi, ya tarar ruwa ya cika sinki ya ƙi wucewa. Surajo, mai gadin ƙofar gidan Mudir, yana tsaye bakin taga yana ta faɗa.

"Wallahi akwai mugaye a gidan nan. Jiya an sace kare, yau an toshe mana sinki. Dubi na'a-na'ata, Sarkin Baka, dubi! An tone mata ƙasa kamar kaza ta shiga bokitin."

"Kai Surajo, ka ji kunya," in ji Hambali. "Ɗan'uwanka zai kwana a hannun hukuma, kai kana zaman makokin ganyen shayi."

Sarkin Baka suna ne na tsokana. Hambali ɗan mafarauta ne daga Ningi, tun yana ƙarami yake bin sawun gada da barewa a bayan mahaifinsa. Yanzu ya manyanta, gemunsa ya fara fari, yana gadin wurin ajiye motoci a wani babban kanti, a kan siminti inda ƙafa ba ta barin alama.

Malam Ɗalhatu yana zaune a kan benci da koko a kofin roba, idanunsa sun yi ja. Shi ne babbansu, shi ke ja musu salla, shi ake kai wa ƙara in an yi rigima.

"Ban runtsa ba," ya ce. "Yaron nan surukina ne. Zan ƙara zuwa in roƙi Mudir, ko mayar da shi gadin ƙofa ya yi, ya bar zancen hukuma. Sauran mu bar wa Allah."

"Mu bar wa Allah, amma mu taka ƙafa," in ji Surajo. "Sarkin Baka, yau ba ka da aiki. Kullum kana cika mana kunne da labarin daji. To ga daji ya zo."

Hambali bai so ba. Rabonsa da tsugunawa a kan sawu ya manta. Amma ya tuna yadda Garzali ke kiransa Baba, ya ajiye butar shayin.

Malam Ɗalhatu ne ya kai su Thumama a motar gidan Mudir. An wanke ta tas, ƙamshin turaren wuta har yana hawa kai. Hambali ya yi atishawa, ya ce a ransa Juma'a ce.

*

Garzali yana zaune a ƙofar ɗakin karen, riƙe da wata igiyar fata. Da ganin Hambali ya miƙe.

"Baba, wallahi aski kawai na je. Jiya ba ranar gudu ba ce, an sa masa lalle a ƙafa, na bar shi yana barci."

"Lalle? Kare?"

"Al'adarsu ce. Yana ƙarfafa tafin ƙafa, kada yashi ya yanke shi."

Hambali ya girgiza kai. "To, faɗa mini, me da me ya iya?"

Nan fuskar Garzali ta ɗan saki. Ya ce da aka kawo Barƙi ko sunansa bai sani ba, in ya ga tsuntsu sai ya fizge igiya ya bi. Da ɗan busasshen nama ya fara, yanki ƙanana a aljihu. In ya zauna, a ba shi. In ya zo da aka kira, a ba shi. In ya ƙi, a kau da kai kawai, a sake daga farko. Kullum da sanyin safiya, kaɗan-kaɗan, kafin ya gaji. Bayan haka aka fara fita da shi sahara, a ɗaura fatar barewa a bayan mota, motar na gudu yana bi.

"Ban taɓa dukansa ba, Baba. Saluki ko tsawa ka daka masa sai ya wuni bai dube ka ba. Yanzu in na ce 'zauna', ya zauna. In na ce 'gefe', kafaɗarsa na gogar gwiwata, haka za mu yi ta tafiya."

"Da Hausa kake ce masa zauna?"

Garzali ya sunkuyar da kai. "Mudir ya ce in koya masa da Larabci. Na fara. To in na gaji sai bakina ya koma gida. Yanzu ko Mudir ya kira shi, kallonsa kawai yake yi."

"Ka ga shirme," in ji Hambali. "An ba ka amanar karen Balarabe, ka mayar da shi ɗan Gumel."

Kyamarar gidan babbar ƙofa take kallo, kuma ba a ga komai a cikinta ba. Amma akwai ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita zuwa wani fili da ba a gina ba, yashi ne zalla har bakin titi. Raɓar asuba ta kama yashin, iska ba ta share komai ba. Hambali ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Sawun karen na nan sarai, dogo, siriri. Ba a ja shi ba, bai turje ba, tafiya yake a natse. Kusa da titi ga inda ya zauna, ga shatar gindinsa da wutsiya. Daga nan sai sawun taya, wanda ya cakuɗe da na wasu motocin har ba a gane komai. Sawun mutumin kuma silifas ne na roba, irin wanda kowane lebura a Doha ke da shi.

"Taka nan, yadda kake tafiya da shi," in ji Hambali.

Garzali ya taka, ya nuna inda karen ke kasancewa, dab da ƙafarsa ta hagu.

Hambali ya dubi wannan, ya dubi wancan. Tsakanin sawun ɓarawon da na karen akwai tazara mai yawa, kamar an miƙe hannu da doguwar igiya. A wani wuri karen ya matso, yana neman gefen ƙafa yadda aka koya masa, mutumin ya yi tsalle gefe har silifas ɗinsa ya nutse.

Abin ya ɗaure masa kai. Karen ya ji maganar mutumin, ya bi shi, ya zauna da aka ce ya zauna. To ya san shi, kuma da Hausa aka yi masa magana. Amma mutumin yana gudun karen kamar wuta. Wane ne zai saci abin da ba ya iya taɓawa?

"Ba kai ba ne," ya ce wa Garzali. "Iyakar abin da na gane ke nan. Mudir kuma ba zai karɓi yashi a matsayin shaida ba."

Hausawan gidan huɗu ne: Garzali, Surajo, Hajjo mai girki, da Malam Ɗalhatu. Hambali ya tambayi Malam inda yake jiya da rana, cikin jin nauyi. Malam ya ce ya kai uwargida gidan 'yar'uwarta bayan azahar, yana ƙofa yana jira har magariba. Hambali ya ce to, bai ƙara ba. Wannan ciwonmu ne. Mutum in yana ja mana salla, ba ma iya yi masa tambaya ta biyu.

*

Hajjo tana yanka albasa a kicin na baya. Mace ce mai jiki, mai baki, ta daɗe a gidan. Tafukan hannunta sun yi jawur.

"Hajjo, an ce kin taɓa cewa sai kin sa wa karen nan guba."

"Na faɗa! In an sake tambayata in sake faɗa. Cinyar rago guda ya ɗauke mini a kan tebur ranar da ake da baƙi. Amma faɗa daban, yi daban, Malam Hambali. Ni da na rantse zan kashe mijina sau nawa, ga shi can Zariya yana cin goro."

"Wannan jan hannun fa?"

Ta ajiye wuƙa ta ɗaga hannayen. "Ni na kwaɓa lallen, ni na shafa masa. Ni Hajjo, da amare ke layi a ƙofata, yau ni ce mai ƙunshin kare. Ka rubuta ka kai gida."

"Ba kya ƙyamarsa?"

"Ƙyama? Ƙafarsa a kan cinyata na ɗora. Na wanke hannuna na yi sallata. In kana neman masu ƙyama, je wajen mazan nan. Surajo in ya hango shi har kan kujera yake hawa."

Hambali ya fito yana juya maganar. Lallen ɗanye ne jiya. Duk wanda karen ya taka, zai bar masa ja a tufa.

A ɗakin gadi ya ga wandon kakin Surajo rataye a bayan ƙofa. A gwiwar akwai jan tabo, an goga an kasa fitarwa.

"Surajo, jiya ka bar ƙofa?"

"Ni? Ko taku ɗaya."

"Kyamara ta nuna kujerarka babu kowa, Garzali ya gani da aka duba."

Surajo ya fara kame-kame. Ya ce bayi ya je. Ya ce a'a, alwala. Hambali ya ɗauko wandon ya shimfiɗa a gabansa, ya ce masa a fili, gaban Garzali da Malam Ɗalhatu, shi ya fitar da karen, ya faɗi inda ya kai shi tun rana ba ta faɗi ba.

Surajo ya miƙe. "Ni ɓarawo? Ni na kira ka, Sarkin Baka! Shinshina! Ka ce kai mafarauci ne, shinshina mana!"

Hambali ya kai wandon hanci. Manja ne, da ɗan warin daddawa.

Hajjo ta leƙo ta taga tana dariya har da riƙe ciki. Ita ta zuba masa miyar, ya je bayan tankin ruwa ya ɓuya yana ci, don Mudir ya hana ci a bakin ƙofa.

Hambali ya tsaya riƙe da wandon mutum a hannu, kunya ta rufe shi. Ya ba Surajo haƙuri, Surajo ya fizge wandonsa ya juya masa baya. Abin da Hambali ya yi laifi ne, ba kuskure ba. Ya tsani masu yanke hukunci ba hujja, ga shi ya shiga sahunsu kafin azahar.

Malam Ɗalhatu yana zaune a gefe duk tsawon rigimar. Carbinsa kawai yake ja, yana kallon ƙasa.

*

A masallacin Juma'a Hambali bai ji rabin huɗubar ba. Hajjo ba ta ƙyamar karen. Surajo yana ƙyama amma tsoronsa ya kai inda ba zai iya riƙe igiyar ba ma. Garzali ba ya tafiya nesa da karensa. Ko dai wani Bahaushen ne daga waje? To ta yaya karen ya san shi? Ko shi ne ya manta karatun sawu, tsufa da siminti sun cinye masa ido? Ya fito masallaci bai fi yadda ya shiga sani ba.

Ya koma Bin Omran shi kaɗai. Sinkin yana nan a toshe, kwanuka sun taru, makon nan kuma shi ke da sharar kicin. Don kada ya zauna da tunani, ya sa bokiti a ƙasa ya kwance bututun. Ya zaci zai ga shinkafa da maiƙo. Abin da ya zubo ƙasa ce, baƙa, mai yashi, har da guntun saiwa. Ya murza a yatsa, ya shinshina. Na'a-na'a.

Ya zauna a kan diddigensa. Wani ya ɗebi ƙasa a bokitin Surajo ya zo da ita sinki. Don me? Ga sabulu, ga soson ƙarfe. Wa zai wanke kwano da ƙasa a Doha?

Ya ɗaga kai. A can saman kanta, nesa da sauran kwanuka, an kife wani kwanon sha na silba. Kowa a gidan ya san shi. Na Malam Ɗalhatu ne, mahaifiyarsa ta ba shi kafin ta rasu, ba ya shan koko ko fura sai a ciki, har mota yake tafiya da shi. Hambali ya sauko da shi. Cikinsa duk sabon karce ne na dirza. Sai ya tuna kofin robar da ya gani da safe. Ya tuna turaren motar. Ya tuna wanda ke tuƙa motar da Barƙi ke bi a sahara, yana jin "zauna" da "gefe" kullum ta taga.

Tun suna makarantar allo aka koya musu abin da ake yi wa ƙwaryar da kare ya sa baki: wanki bakwai, ɗaya da ƙasa.

Ya daɗe a zaune kwanon na hannunsa. Bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

*

Bayan la'asar ya tara su a bayan gidan Mudir, gaban ɗakin karen. Garzali, Surajo da ke ta cin magani, Hajjo da ludayi a hannu, da Malam Ɗalhatu cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a.

"Da safe na zargi mutum a kan tabon miya," in ji Hambali. "Ba zan ƙara zargin kowa ba. Ruwa kawai zan ba da."

Ya zaro kwanon daga leda, ya tara a famfo, ya miƙa da hannu biyu.

"Malam, ga kwanonka. Yau akwai rana. Sha."

"Ba na jin ƙishi."

"Ko kurɓi ɗaya. Kwanon Inna ne, a wanke yake."

Malam Ɗalhatu ya karɓa. Ya kai shi kusa da baki. Sai ya tsaya, bai sha ba. Kowa ya zuba ido, ba wanda ya gane abin da ake yi. Ya daɗe a haka. Daga ƙarshe ya sunkuya ya ajiye kwanon a ƙasa.

Hambali ya buɗe ɗayar ledar, ya zazzage jiƙaƙƙiyar ƙasar a gefensa. "Surajo, ga ƙasar na'a-na'arka. A bututu na same ta."

"La ilaha illallahu," in ji Hajjo a hankali. Ita ta fara ganewa.

Malam Ɗalhatu ya zauna a kan dakali. "Haki yake yi," ya ce. "Harshensa a waje. Na duba gidan da na kai shi kaf babu ko gwangwani. Ba zan bar dabba da ƙishi ba."

"Yaya?" in ji Garzali. "Kai?"

"Ka tuna bidiyon da ka aika wa Kausar? Karen yana lasar kumatunka kana dariya? Ta tura wa ƙawarta, ya zagaya dangi. Kawunnanmu suna kirana. Sun ce Ɗalhatu ya je ƙasar Larabawa ya samo wa ƙanwarsa mai wankan kare. Na yi maka magana, ka ce aiki ne. Na zaci in karen ya ɓata Mudir zai yi fushi ya mayar da kai gadin ƙofa, bayan kwana biyu in sako shi a bayan gida. Wallahi ban kawo zancen 'yan sanda a raina ba. Da ya faɗa, na rasa yadda zan yi."

"Ka rasa yadda za ka yi," in ji Surajo, "kana zaune ana ce mini ɓarawo?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Malam, ka fi ni karatu," in ji Hambali. "Ka san karen farauta ba a hana riƙe shi ba, da shi ubana ya ciyar da mu. Ka tuna hukuncin kwano, ka bi shi har da ƙasa. Hukuncin ɗora wa bawan Allah sata kuma, a wane shafi ka bar shi?"

Garzali bai zagi kowa ba. Ya share fuska da hannun riga. "Yaya, ya ci abinci?"

"Na bar masa burodi."

"Ba ya cin burodi. Yana ina?"

*

Tsohon gidan mahaifin Mudir ne a unguwar Asmakh, cikin wani lungu bayan shagunan masu ɗinki. An daɗe da tashi daga cikinsa, mabuɗin yana hannun Malam Ɗalhatu don ya riƙa leƙawa. Wato karen Mudir a gidan Mudir ya kwana.

Barƙi yana ɗaure da doguwar igiya a inuwar baranda, ga ruwa a gindin wata robar lemo da Malam ya samo daga baya ya yanke, ga burodin bai taɓa ba. Da jin muryar Garzali ya zabura, amma ƙafarsa ta gaba ɗaya a ɗage. Ya taka fasasshen tayil wajen fizge-fizge, tafin ya tsage. Garzali ya durƙusa, ya ce "zauna", karen ya zauna yana kaɗa wutsiya, jikinsa duk yana ɓari. Garzali ya cire hularsa ya naɗe ƙafar.

"Ba zai taka ba. Sai an ɗauke shi, ni in riƙe ƙafar kada jinin ya dawo."

Surajo ya ja da baya har bango. Garzali ya dubi Hambali.

"Ni bayana ciwo yake," in ji Hambali, yana kallon Malam Ɗalhatu. "Wanda ya kawo shi ya mayar."

Malam ya tsaya. Sai ya naɗe hannun jallabiya, ya sunkuya, ya sa hannu ƙarƙashin ƙirjin karen ya ɗaga. Jini ya shafi farar rigar. Barƙi ya juyo da dogon bakinsa ya lashi gemun Malam. Malam ya runtse ido, bai sake shi ba. Haka suka ratsa lungun, teloli 'yan Indiya suna leƙowa.

A mota Surajo ya huce, har ya fara neman mafita. "Mu ce a bayan filin ƙwallo muka tsince shi yana yawo. Kowa ya huta."

"Abin wuyan fa?" in ji Hambali. "Kare ba ya cire abin wuyansa ya rataye a ƙusa. Zargin zai zauna a kan Garzali har ya bar ƙasar nan. Ni ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan shiga in kai ƙarar kowa ba. Mai magana yana da baki."

Ana kiran magariba suka isa Thumama. Malam Ɗalhatu ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari. Garzali ya ce, "Yaya, bari in shiga tare da kai." Malam ya ce a'a. Ya fita, bai canza riga ba, ya nufi majalisin Mudir, inda yake ganin baƙi, shi kaɗai da jinin a ƙirjinsa.

*

Mudir bai kira 'yan sanda ba. Ya ce shekarun da mutumin ya yi yana tuƙa iyalinsa sun isa su hana wannan, amma ba su isa su bar shi a gidan ba. Cikin mako aka sallami Malam Ɗalhatu. Garzali ma bai tsira haka nan ba, an ce ya sake koya wa karen komai da Larabci, daga farko.

Ranar tafiyar, Malam ya nemi gafarar Surajo a gaban kowa, ya kawo masa sabuwar ƙasa a leda. Ya ce wa Garzali ranar da aka sa tana nan, kawunnai kuma shi zai tsaya a gabansu. Hambali ne ya kai masa jaka bakin mota. Ya miƙa masa kwanon a leda.

Malam ya dube shi, ya girgiza kai. "Na wanke shi yadda aka ce. Na san tsarkakakke ne. Amma in na kalle shi ba karen nake gani ba, abin da na yi nake gani. Kai wa Garzali."

Ƙafar Barƙi ta warke, sai dai gwajin farko ya wuce shi. Hambali ya leƙa gidan wata safiya, ya tarar Garzali a filin yashin nan yana fama, yana faɗin kalmar Larabci, karen yana kallonsa da kai a karkace. Da suka gaji suka dawo inuwa. A ƙofar ɗakin karen ga kwanon silba cike da ruwa. Barƙi ya sa baki ya sha, Garzali ya ɗauraye kwanon a famfo ya sake cikawa.